Kafin Ka Kama Hanyar Yankari

Ɗana, idan hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, makarantu suka ba da hutu, sai ka ga motoci sun ɗauki hanyar Bauchi zuwa Gombe, su ratse ta Dindima su nufi Yankari. In kana cikin masu wannan niyya a bana, to madalla, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Kallon halittun Allah a inda ya ajiye su abu ne mai kyau, har yakan ƙara wa mutum imani. Amma zauna tukuna, akwai maganar da nake so mu yi kafin ka ɗaure kaya.

Da farko ka fitar da gidan zu daga ranka. A gidan zu dabba ce a kulle, kai kana yawo kana leƙa ta. A Yankari kai ne za ka zauna a mota, dabba tana yawonta a daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba keji ba shinge. Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa masaukin Wikki kaɗai sai ka yi tafiyar kilomita 40 da wani abu. Tun 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Duk tsawon shekarun nan akwai mutanen da ke biyan kuɗin wannan daji ba da naira ba. Manomin da ke maƙwabtaka da shi an hana shi saran gona a ciki, makiyayi an hana shi kora shanu, mafarauci an ce ya rataye bindiga, mai neman itace an ce ya nemi wani wuri. Ga shi kuma wani lokaci giwaye kan fito cikin dare su shiga gonar bawan Allah, abin da ya yi wata huɗu yana wahala a kai su tattake shi kafin asuba, kuma doka ba ta yarda ya taɓa su ba. Idan ka auna abin da aka ɗora wa waɗannan mutane da ɗan abin da ake nema daga gare ka a kwana biyun da za ka yi, za ka ji kunyar yin gunaguni a kan ƙa'idojin wurin.

Bari in fara da wadda aka fi takawa, wato hana ba dabbobi abinci. Tun kafin ka sauke jaka a Wikki za ka gamu da gwaggon biri, abin da wasu ke kira bika, zaune a gefen hanya yana kallon hannunka. Ba kai yake kallo ba, ledar da kake riƙe da ita yake kallo. Ka lura da yadda yake yi: zai ƙyale ƙato mai tafiya hannu biyu, ya bi mace mai goyo ko yaro mai riƙe da biskit, ya taho ta baya a hankali kamar ba ruwansa, sai wuf, ya fizge ledar ya haye rufin ɗaki, ya yage ta da haƙori, ya ci burodin yana watso maka ledar ƙasa. In ka bar gilashin mota a buɗe ya shiga, in ba ka murza makullin ɗaki ba ya tura ƙofa. Mutane su yi ta dariya suna ɗaukar bidiyo, suna cewa biran Yankari ɓarayi ne. To wa ya koya musu? Baƙin da suka riga ka zuwa ne, wannan ya miƙa ayaba don a ɗauke shi hoto, wancan ya jefa gyaɗa don yara su yi murna, har biri ya gane cewa ɗan Adam da leda ma'anarsu abinci, kuma tsoron mutum ya fita daga zuciyarsa. Su sun koma gida da hotunansu, halin da suka koya masa ya zauna, 'ya'yansa ma suka tashi suka tarar da shi. Namijin bika yana da fiƙa masu tsawo, cizonsa kuwa sai an dangana da asibiti. Kuma a gandun daji da yawa na duniya, dabbar da ta saba da abincin mutane har ta fara kai musu hari, ƙarshenta harbi ne. Ka ga ke nan ayabar da ka miƙa da sunan tausayi ba tausayi ba ce. In yaronka ya roƙe ka ya ba biri abu, ka hana shi, kuma ka gaya masa dalili. Ku ci abincinku a ɗaki ko a inda aka tanada, ku ɗaure sauran ku ɓoye. Haka gadun da za ka gani yana kiwo a tsakiyar masauki yana durƙusawa a kan gwiwa, kada sabonsa da mutane ya ruɗe ka ka ɗauke shi tunkiya.

Sai fita kallon dabbobi. Ba a shiga dajin sai da jagora, ba a sauka daga mota sai inda ya ce a sauka, ba a barin hanyar da aka shata. Na san halin samarinmu, da an hango giwa sai kowa ya miƙe yana ihu, wani ya ce direba ya matsa kusa, har a yi masa alkawarin na goro. Kada ka zama mai wannan tayi, domin kana sa talaka ne ya sayar da aikinsa da rayukanku a kan abin da bai kai ya kawo ba. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, saboda haka wadda ke tare da ɗanta ba ta san wasa ba. In ka ga ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgiza shi, to ta gama yi maka magana, kuma duk girman nan nata ta fi ka gudu. Ɓauna ma da kake gani kamar saniya, maharba na da sun fi shakkarta a kan dabbobi da yawa. Dorina kuwa kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da ruwa. Ku yi shiru, a kashe rediyo, ba oda, wayoyi a rage musu murya. Shirun nan ma ribarku ce, don wanda ya shiga daji da hayaniya ba abin da zai gani sai ƙura da wutsiyar gwanki.

Wata ƙila ku yi awa biyu kuna zagayawa ba ku ga giwa ba, balle zaki. Kada ka huce a kan jagora, ba shi ya ɗaure su ba. Zakunan da suka rage a Najeriya kaf ba su wuce na Yankari da na gandun dajin Kainji ba, su ma 'yan kaɗan, don haka ganinsu rabo ne. Wanda ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tsakiyar rani lokacin da ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin kogin Gaji, shi ya fi dacewa. In ba a dace ba, ai ga tsuntsaye nan fiye da iri 350, sai dai mu ba mu iya kallon ƙaramin abu ba.

Maganar kogin Gaji ta kawo mu ga ruwan Wikki. Wannan maɓuɓɓuga tana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminta yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma tana zubo kimanin lita miliyan 21 a kullum. Ruwan garau yake, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Amma ka tuna ba a wurin yake tsayawa ba, gangarawa yake ya shiga Gaji, inda dabbobin dajin ke sha. Saboda haka sabulun da ka cuɗa jiki da shi, da omon da aka wanke kayan yara, da ledar fiya-wata da aka saki ta bi ruwa, duk can suka nufa. Ai ko a makarantar allo an koya mana cewa ɓata ruwan da ake sha, ko inuwar da ake hutawa, ko hanyar da ake bi, abu ne mai jawo wa mutum tsinuwa. Kada ka sauka da kwalba, don in ta fashe a cikin yashin nan ƙafar wani yaro za ta samu. Ta wajen bakin dutsen zurfin ya kusa mita 2, ya isa ya shanye babban mutum, don haka idonka a kan yara, kuma wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Sannan wuri ne da iyalan mutane ke wanka, ka kame idonka, ka kame kyamararka.

Wuta kuwa ba sai na tsawaita ba. A watan Janairu ko Fabrairu, ga busasshiyar gamba ga iskar hunturu, guntun sigari ɗaya da aka cillo ta taga ya isa. Ko ka ga wurin da ya ƙone a gefen hanya, kada ka ce ai dama ana ƙonawa. Masu kula da daji suna da lokacin da suke sa wuta da wuri, tun ciyawa da sauran danshi, kuma sun san inda za ta tsaya. Taka ba wanda ya san inda za ta tsaya.

In an kai ku kogunan Marshall, ɗakunan nan 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey, ko tsoffin matoyan ƙarfe, ka riƙe hannunka. Dutsen mai taushi ne, ƙusa ma tana cinsa, shi ya sa wasu ke kankara sunansu da na budurwarsu a jiki. Mutanen da suka haƙa ɗakunan ba su bar sunansu ba, sai kai da ka zo yawon rabin awa? Kada ka ɗauki tsingaro ko kashin maƙera ka sa a aljihu wai tsaraba.

Ka sa tufafi masu launin ƙasa, ka guji baƙi da shuɗi, don su ƙudan tsando ke bi. Ka riƙe jakar da za ka zuba shararka ka fito da ita. Ka biya kuɗin shiga a inda aka ce a biya, ka karɓi rasit, ban da neman hanyar bayan gida don kana da wani sananne.

Akwai kuma abin da zai iya samunka bayan ka fito, lokacin da kake ganin ai dokar daji ta ƙare. Wani zai iya tare ka a hanya ko a tasha da ƙyafaffen nama, ya rage murya ya ce na daji ne, ko ya nuna maka fata, ko ƙaho, ko wani abu da ya ce na giwa ne mai maganin kaza. Kada ka saya, kada ma ka taya. Naman nan da tarkon waya ko bindiga aka samo shi, kuma tarkon waya ba ya zaɓe, yadda yake kama gada haka yake kama ƙafar zaki ko hancin ɗan giwa. Masu gadin dajin nan, waɗanda ke kwana a ƙasa suna sintiri da ƙafa, akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun mafarauta, suka bar mata da marayu a garuruwan da za ka ratsa. Mafarauci ba zai shiga wannan kasada ba sai don ya san akwai mai saye. In kuma a cikin daji idonka ya faɗa kan tarko, ko toka mai ɗumi inda bai kamata a ga wuta ba, kada ka taɓa komai, ka gaya wa jagoranku, shi ya san wanda zai sanar.