Bayan an kashe kyamara

Duk ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, labarin talabijin kusan iri ɗaya ne: an jera yara a kan kekunan guragu sababbi fil, wani babba ya sunkuya ya dafa kafaɗar ɗaya, a ɗauki hoto, a ce an sa su makaranta tare da sauran yara. Shi ke nan, sai baɗi.

To, wa hoton nan ya amfana? Wani zai ce ai ba don kyamara ba, keken ma ba zai zo ba. Gaskiya ne, kuma uwar da ta gaji da goyon ɗan shekara tara ba za ta raina keke ba. Amma abin da ke damuna shi ne, rahoton yana mai da haƙƙi ya koma sadaka. Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su haƙƙin ilimi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Wanda ake biya bashi kuwa ba a tsayar da shi gaban jama'a ya yi ta godiya.

Ɗan jarida na ƙwarai ranar Talata zai koma, lokacin da babu baƙo. Ya tambaya: kurman da aka zaunar a aji, akwai malamin da ya iya maganar hannu? Makaho yana da littafin rubutun makafi, ko sai dai ya saurara a tashi? Keken yana shiga ban-ɗaki? Ga kwalejin tarayya a garin Oyo da aikinta ke nan, horar da irin waɗannan malamai. Ina ɗalibanta suke ƙarewa? Yaron da ke zaune cikin aji bai fahimtar komai, sunansa kawai aka saka a rajista.

Mu ma fa a Sabo da namu kason. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, mun iya ba da sadaka ranar Juma'a, amma sau nawa aka tambayi me ya sa yarinyar da ke yi wa mahaifinta jagora ba ta aji? Wasu iyayen ɓoye yaron suke yi a ɗaki, wai kunya. Alhali duk mun san dalilin saukar Suratu Abasa: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman ilimi, ba bara ba.

Akwai kuma abin da ba a cika tambaya ba: shi yaron ya yarda a nuna fuskarsa? Gobe abokan ajinsa za su ga bidiyon a WhatsApp, shi kuma zai shiga ajin nan ya zauna da su.