Farautar akwati a ranar da ake jayayya a kanta

Ranar 26 ga Janairu hutu ce a duk faɗin Ostareliya, kuma tana faɗowa a tsakiyar lokacin zafi, shi ya sa masu farautar akwati, wasan da aka sani da Geocaching, kan shirya taro a ranar. Wasan ya fara ne a watan Mayun 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula, inda Dave Ulmer ya ɓoye bokiti na farko a jihar Oregon. Wani zai cusa ƙaramin akwati a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, ya sa lambobin wurin a intanet, sauran su bi waya har su gano shi, su rubuta suna a ɗan littafin da ke ciki, su mayar da shi yadda suka tarar. Taron nasu gashin nama ne da hira da musayar 'yan tsarabobi.

Rigimar tana kan ranar ce. A rana irin ta a 1788 Arthur Phillip, jagoran ayarin jiragen ruwa 11 da suka kwaso fursunoni, ya kafa tutar Birtaniya a gaɓar Sidni. Ga wasu, ranar haihuwar ƙasa ke nan. Ga 'yan asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu suka haura shekara 50,000 a wurin, daga nan aka fara ƙwace ƙasa da annoba da kisa. Tun 1938 William Cooper da abokan gwagwarmayarsa suka kira ta Ranar Makoki. Yau wasu na cewa Ranar Mamaya. Hutun bai ɗaya ma ba daɗaɗɗe ba ne, sai a 1994 dukkan jihohi suka daidaita a kansa.

To, wanda ya je taro don kawai ba aiki, ya ɗauki ɓangare? Masu kare shi na kafa hujja da niyya: bai ɗaga tuta ba, bai yi wa kowa gori ba. Hujjar tana da nauyi, don ba a hukunta mutum da abin da bai ƙudura ba. Sai dai niyya mai ita kaɗai take wankewa, ba ta sauya abin da maƙwabci ke gani. Mai kiɗa kusa da gidan rasuwa zai iya rantsewa bai nufi komai ba, amma masu zaman makoki sun ji gangar.

Wasan kansa yana ƙara wa tambayar kaifi. Babban abin alfahari a cikinsa shi ne a ce kai ka fara ganowa, ka sa sunanka a shafin da ba kowa. Da tunanin shafin da ba kowa aka riƙe Ostareliya, ana cewa ƙasar ba ta da mai ita, har Babbar Kotu ta rushe wannan da'awa a shari'ar Mabo a 1992. Abin lura, ƙa'idar wasan ta fi ta 1788 ladabi: ba a ajiye akwati sai da izinin mai wurin.

Wasu sun zaɓi su kauce. Gidan rediyon Triple J ya ɗauke shirinsa na fitattun waƙoƙi 100 daga ranar tun 2018, wasu ƙananan hukumomi kuma sun mayar da bikin ba da shaidar zama ɗan ƙasa zuwa wata rana. Gwamnatin tarayya dai ta bar hutun a 26 ga Janairu.