Yaron da ke riƙe da bakin sanda

Kafin ka sa ƙafa waje yau, ɗan'uwa, zauna mu yi tunani a kan waɗanda fita daga ɗaki ma sai an taimaka musu.

A Faransa akwai wata ƙungiya mai suna Handi'Chiens, wadda aka kafa a 1989. Aikinta horar da karnuka domin mutanen da ƙafa ko hannu ya gaza musu. Kimanin shekara biyu ake yi ana koya wa kare ɗauko makulli in ya faɗi ƙasa, da buɗe ƙofa, da kunna fitila, da yin haushi a kawo ɗauki in mai shi ya shiga matsala. Mai buƙata zai cika takarda, ya haɗa da bayanin likita, a bincika yadda zamansa yake, sannan ya shiga layi. Jiran yakan daɗe, amma in rabo ya zo kyauta ake ba shi. Abin ba sabo ba ne a Turai: tun 1916 aka buɗe makarantar karnukan jagora a Oldenburg ta Jamus, saboda sojojin da yaƙin duniya na farko ya makantar.

Mu a Magaria da Dungass kare na farauta ne da gadin gona da garke. Addini bai rufe ƙofar amfani da shi ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Sai dai gidan da hatsinsa ke ƙarewa tun kafin damina ta kankama, da me zai ciyar da irin wannan kare, balle rigakafin ciwon hauka? Don haka aikin da kare ke yi a Turai, a nan jaki ne ke ɗaukar rabinsa, yaro ya ɗauki saura.

Dubi yaron da kyau ranar kasuwa. Shekarunsa ba su wuce takwas ba. Yana gaba riƙe da bakin sanda, kakansa makaho na baya riƙe da ɗaya bakin, ƙwarya a rataye. Shi ke lura da rami, shi ke kauce wa amalanke da 'yan kabu-kabu, shi ke ƙirga kuɗin da aka jefa. Ko kuwa yarinyar da ke tura keken mahaifinta wanda shan-inna ta taɓa tun yana goye: uban na murza feda da hannu, taya ta nutse cikin rairayi, ita ta kafa kai tana turawa har jijiyar wuyanta ta miƙe. Mukan ce "Allah ya yi miki albarka" mu wuce. Albarkar gaskiya ce, ladan kuma Allah kaɗai ya san yawansa. Amma a daidai wannan lokacin tsaranta suna lakwal ko suna gaban allo. Wannan abu yana damuna matuƙa, domin nauyin da ya kamata unguwa guda ta raba an ɗora shi a kan wanda ya fi kowa ƙanƙanta a gidan, kuma shekara goma nan gaba shi ma zai tashi ba karatu ba sana'a.

Magabata ba su ga haka daidai ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa a ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu kuma mai hidima, daga baitulmali, ya hana su bara. Wato sun ɗauki jagoranci aiki ne na manya da ake biya, haƙƙi a kan jama'a. Tun kafin nan Allah ya saukar da farkon Suratu Abasa a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman sani alhali Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana fuskantar manyan Ƙuraishawa. Daga baya wannan makaho ya zama ladan, aka riƙa bar masa riƙon Madina in an fita yaƙi. Ba a ajiye shi a bakin ƙofar masallaci ba, an shigar da shi ciki an ba shi aiki.

Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin masu naƙasa a 2008, ta kuma yi dokarta a 2019. Madalla. Amma daga Yamai zuwa Dogo-Dogo ko Malawa tafiya ce mai nisa, kuma doka ba ta tura keke. Mu ne a kusa.

To, yau fara da gida ɗaya. Ka san shi, ka san sunan yaron. Je ka gaishe da dattijon, ka tambaye shi da bakinsa abin da yake so, kada ka yanke masa. Wataƙila rakiya ce zuwa asibiti, wataƙila gyaran sarƙar keke wurin mai walda, ko a cike matakalar masallaci da ƙasa ta zama gangare. In kun kai ku bakwai a majalisarku ta shayi, kowa ya ɗauki yini guda a mako, ku gaya wa uwar yaron ta wanke masa riga, ranar Litinin za a kai shi lakwal a rubuta sunansa.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka buɗa wa waɗannan yara ƙofar ilimi, ka sa mu cikin masu tashi in an kira. Amin.