FUREN ROBA A KAN KABARI: ME YAKE ISA GA MAMACI?



'Yan uwa, a Turai da Amurka akwai wata damuwa da mu nan ba mu san ta ba: yadda za a hana furen roba da aka ɗora a kan kabari koɗewa a rana. Kada wani ya yi dariya, domin a bayan wannan damuwa akwai 'ya'yan da suka rasa iyaye da matan da suka rasa mazaje. Kai fure kabari tsohuwar al'adarsu ce. A Amurka tun 1868 ake ware rana don ƙawata kaburburan sojoji, wadda yanzu take faɗowa Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. A Faransa kuwa ranar 1 ga Nuwamba maƙabartu kan cika maƙil da furanni. To ɗanyen fure ga tsada, ga shi cikin 'yan kwanaki ya yi yaushi. Sai mutane da yawa suka koma wa na roba da na yadi, wanda akasari daga masana'antun ƙasar Sin ake kawo shi.

Amma shi ma rana ba ta ƙyale shi ba. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana ce masa ultrabayolet, shi ne yake tsintsinka sinadarin rini a hankali har launi ya tafi. Ja ya fi saurin koɗewa. Daga baya robar kanta ta yi tauri ta fara farfashewa, kamar dai bokitin da aka manta a tsakar gida tun daga bazara har damina. Don haka suka ƙirƙiro dabaru: a wanke ƙurar furen, a fesa masa wani ruwa mai kare shi daga wannan haske, shafi biyu ko uku, a bari ya bushe, a maimaita bayan wani lokaci. Wasu kan zaɓi fari ko mai haske don koɗewarsa ba ta cika nunawa ba. Duk da haka jinkiri kawai ake samu. Su kansu hukumomin maƙabartu ba sa son sa: a maƙabartar sojoji ta Arlington ba a yarda da furen roba sai daga 10 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da ba a yankan ciyawa, kuma da yawa daga maƙabartun coci a Ingila sun hana shi sai a wasu lokuta ƙalilan.

Tambayar da ta tsaya mini ita ce: mai fesa wannan ruwa, me yake ƙoƙarin hanawa ya koɗe? A ganina furen ba shi ne asalin damuwarsa ba. Tsoronsa kada mai wucewa ya ga kabarin mahaifiyarsa ya ce an manta da ita, kuma kada shi kansa ya ji a ransa cewa ya manta. Wannan tsoro yana da tushe mai kyau, ƙauna ce. Wani yana aiki a gari mai nisa, ba zai iya zuwa kowane mako ba. Wata tsohuwa ce, ƙafa ta gaza. Ban ga abin zargi a zuciyar irin waɗannan ba.

Inda matsalar take shi ne a cikin dabarar kanta. Ɗanyen fure yana bushewa, bushewarsa kuma ita take tilasta wa mutum ya dawo. Furen roba an yi shi ne don ya tsaya a madadinka, ya riƙa cewa “ana tunawa” ko da shekara ta zagayo ba ka leƙo ba. Duk ƙarin feshin da aka yi masa ƙarin watanni ne da za ka iya ɗauka ba ka zo ba. Tunawar da ba ta buƙatar mai tunawa, wa take yi wa aiki? Idon masu wucewa take yi wa.

Mu Musulmi muna da abin da ya yi kusa da wannan magana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya wuce kaburbura biyu da ake yi wa masu su azaba, ɗaya saboda rashin kiyaye fitsari, ɗaya saboda annamimanci. Sai ya ɗauki ɗanyen reshen dabino ya tsaga biyu, ya kafa a kan kowanne, da fatan a sassauta musu muddin rassan ba su bushe ba. Malamai sun yi saɓani a kai. Sahabi Buraida (RA) ya yi wasiyya a sa masa rassa biyu a kabarinsa, wasu suka kafa hujja da hakan. Imam Khaɗɗabi, wanda ya rasu a 388 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa sassaucin albarkar addu'ar Annabi (SAW) ce, ba wani sirri ne a cikin reshen ba. Sheikh Ahmad Shakir, alƙali kuma malamin hadisi na Masar da ya rasu a 1958, ya koka a ta'aliƙinsa ga littafin Tirmizi cewa mutanen zamaninsa sun wuce gona da iri, har suna ɗora furen da ba na gaske ba a kan kaburbura.

Ku lura, jama'a. Ko a wurin waɗanda suka halatta reshen, ɗanyantakarsa ce hujjarsu, don suna ganin abu mai ɗanye yana tasbihi. Furen roba bai taɓa zama ɗanye ba balle ya bushe. Ke nan a kan kowane ra'ayi daga cikin biyun, babu abin da yake kai wa na cikin kabari.

To wani zai ce: Malam, mu ai ba ma sa fure. Gaskiya ne, kaburburanmu ƙasa ce da itace, sai ɗan abin da za a gane wurin. Amma mu duba da kyau, muna da namu furen robar. Duk shekara a ɗora hoton Baba a Facebook, a rubuta “shekara biyar ke nan”, a tara ɗaruruwan “Allah Ya jiƙansa”. Addu'ar Musulmi alheri ce, ban raina ta ba. Sai dai bashin da Baba ya bari wajen mai shago har yau ba a biya ba, alhali Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Gado shekara biyar ba a raba ba, babban wa ya danne gida da gona, ƙannensa mata suna kallo. Gwaggo, ƙanwar mamacin, tun ranar da aka tashi daga zaman makoki ba wanda ya sake taka ƙofarta. Kabarin ma, ruwan damina ya zaftare shi, akuyoyi na kiwo a kai don maƙabartar ba katanga. Hoton yana nan fes bai koɗe ba, haƙƙoƙin ne suka koɗe.

Abin da yake isa ga mamaci an bayyana mana shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Sa'ad bn Ubada (RA) da mahaifiyarsa ta rasu, rijiya ya haƙa da sunanta. Abdullahi bn Umar (RA) ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, saboda kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Ka ga kowanne daga cikin waɗannan sai da mai rai a tsaye a kansa. Rijiya tana son yasa, ilimi yana son mai karantarwa, addu'a tana son bakin da zai maimaita ta gobe da jibi. Babu ruwan da za ka fesa musu sau ɗaya ka tafi ka huta.

Saboda haka, ɗan uwa, 'yar uwa, kafin wannan Juma'ar ka ɗauki abu guda. Ka tambayi mahaifiyarka ko akwai wanda yake bin marigayi bashi. Ka kira 'yan uwa a sa ranar rabon gado. Ka kai wa aminin mahaifinka gaisuwa, ko da goro ne. In unguwarku na gayyar gyaran maƙabarta, ka fito da shebur ɗinka. Wanda yake nesa kuma, sujadarsa ba ta da nisa da kowane kabari.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya ba mu masu tuna mu da aiki bayan mun bi su. Wallahu a'alam.