Gurbin Goshi

Wata takwas ke nan da na kammala karatu a jami'ar Aliero, har yau aiki bai samu ba. Ran nan sa'o'ina suka yi sammako, wasu gonakin albasa, wasu kasuwar Jega, ni kuwa na yini a ɗakin marigayi mahaifina a Maiyama, ina jin kunyar kaina.

Da zaman ya yi tsawo sai ido ya kama aiki. Tabarmar kaba ta zazzage ta gefen ƙofa kaɗai, inda baƙi kan durƙusa su gaishe shi. Hannun kujera na dama ya yi sulɓi, na hagu yana nan da fentinsa. Dardumar sallarsa ce ta fi tsayar da ni: ta koɗe a wuri uku, biyu na gwiwa, ɗaya na goshi.

An koya mana cewa darajar yini tana ga abin da aka samar a cikinsa. To, wane yini ne ya haƙa wannan gurbin goshi? Kowace sujuda, in an ware ta ita kaɗai, ba ta bar alamar da ido zai gani ba. Ba ina wanke zaman banza ba ne. Yunwa ba ta san falsafa ba, kuma har gobe Inna ke ci da ni. Ma'aunin nake tuhuma, tunda ya makance ga abin da ke taruwa sannu a hankali.

Da la'asar Inna ta leƙo, ta ce ranar kasuwa a sayo sabuwar tabarma. Na ce, "Inna, a ɗan dakata tukuna."