Suna ɗaya sau uku a jikin dutse

Duk wanda ya tuƙa mota a ƙauyukan arewacin Faransa zai lura da wani abu tun kafin ya kai inda ya nufa. Kusan kowane ƙauye, komai ƙanƙantarsa, yana da wani dutse a tsaye kusa da coci ko ofishin magajin gari, an sassaƙa sunayen 'ya'yan garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a jikinsa. A ƙauye na farko mun rage gudu mun duba. Kafin mu kai na biyar ido ya saba, ko waiwaye ba ma yi.

Thiepval muka nufa, inda wani ƙaton gini na jan bulo yake a kan tudu, gonaki sun kewaye shi. Edwin Lutyens ne ya tsara shi, aka buɗe shi a 1932. Yana ɗauke da sunaye fiye da 72,000 na sojojin Birtaniya da Afirka ta Kudu da suka halaka a fagen Somme, ba a san kabarinsu ba. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, sojan Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu. Na ɗaga kai na karanta suna ashirin, wuyana ya gaji. In faɗi gaskiya, girman ginin ne ya cika mini ido, mutanen kuwa yawansu ya shanye su.

Yunwa ce ta tsayar da mu a wani ƙauye a hanyar komawa. Mai burodi ya rufe shago ya tafi cin abincin rana, kamar yadda suka saba, ba mu da abin yi sai jira. Sai na taka zuwa dutsen garin. Sunayen ba su kai talatin ba, an jera su bisa haruffa, shi ya sa sunan dangi ɗaya ya fito sau uku a jere. Ko ciki ɗaya suka fito, ko 'ya'yan wa da ƙane ne, gida ɗaya aka shiga. A Faransa ta wancan lokaci, galibi magajin gari ne yake kai wa iyali labarin rasuwa. Na dubi ofishinsa, na dubi gidajen da ke layin, tafiyar ba ta kai minti biyu ba. Ke nan akwai matar da ta hango shi ta taga yana tahowa, ta kuma san abin da ya kawo shi tun bai ƙwanƙwasa ba. Na daɗe da sanin Faransa ta rasa soja kusan miliyan 1.4 a yaƙin, adadin bai taɓa hana ni cin abinci ba. Burodin ranar dai da ƙyar ya wuce.

Daga nan muka wuce fadar Chenonceau, da ke kan kogin Cher, layi muka bi muka sayi tikiti. Jama'a na rububin hoton ɗakunan sarauniyoyi, kaɗan ne suke tsayawa gaban ƙaramin allon da ya nuna cewa doguwar barandar fadar ta zama asibitin soja a wancan yaƙi.

Zangonmu na ƙarshe Chasselay ne, kusa da Lyon. Akwai wata maƙabarta a can mai jar katanga, ginin irin na ƙasashenmu, sai ka ce an ɗauko ganuwa an dasa a tsakiyar gonakin Turawa. A watan Yuni 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka ware baƙaƙe daga fararen sojojin Faransa da suka kama, suka harbe baƙaƙen a nan. Ana kiransu sojojin Senegal, amma daga ko'ina cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka riƙa ɗiban irinsu, har da Nijar. Na bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunaye irin na gida, har na iso wanda aka rubuta wa kalma ɗaya tak da Faransanci, wai ba a san ko wane ne ba. Na yi masa addu'a, ina tunanin damina nawa aka yi a garinsu ana sa ran dawowarsa.