Abin da Ka Hana Ɗanka, Za Ka Sayar wa Baƙo?

Ɗan yayata, mai saro wayoyi daga Dubai yana sayarwa a Samaru, shi ya zo mini da maganar har gida a Basawa. Ya ce, "Kawu, Larabawa ma sun farka, mu muna nan muna gyangyaɗi." Wai a Ras al-Khaima, ɗaya daga cikin masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an ba kamfanin Wynn na Amurka lasisin gidan caca a watan Oktoban 2024, ana ta gina katafaren otal a bakin teku, ana sa ran buɗe shi a 2027. Na ce masa labarin gaskiya ne, na ji shi. Ya ce to me zai hana Jihar Kaduna ta yi irinsa, ta haɗa da wuraren yawon buɗe ido, a jawo masu kuɗi daga Abuja da Legas da ƙasashen waje? Da ya ga na ɗaure fuska sai ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Ai ba mu za mu buga ba, Kawu. Baƙi ne za su buga. Mu dai a ba mu aiki, gwamnati ta karɓi haraji."

Ban kore shi da "haramun ne" na yi shiru ba, ko da yake haramun ɗin ne. Yaron ba shashasha ba ne. Yana ganin sa'o'insa da takardun digiri suna tuƙa Keke Napep daga Kwangila zuwa Samaru. Kuma maganar ta wuce hirar shayi, domin a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya, wadda aka yi a 2005, ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon tsara abinta. Wato ko yau ko gobe wani zai iya ɗaukar irin wannan shawara ya kai ta majalisar dokoki a Kaduna, da zanen otal mai kyau da lissafin mutanen da za a ɗauka aiki. Alƙur'ani kansa, a Suratul Baƙara, bai musanta cewa giya da caca suna da wani amfani ga mutane ba. Auna su ya yi, ya ce zunubin ya rinjayi amfanin, kafin hani yankakke ya sauka a Suratul Ma'ida. Saboda haka mai cewa akwai kuɗi a ciki bai yi ƙarya ba. Inda na tsaya shi ne kan wannan "baƙi ne za su buga".

Ba shi ya fara wannan dabara ba. A Monako, inda gidan cacar Monte Carlo yake tun ƙarni na 19, doka ta hana ɗan ƙasa zama a teburin. A Masar sai ka nuna fasfon wata ƙasa kafin a bar ka ka shiga gidajen cacar manyan otal na Alƙahira. A Malesiya akwai na tsaunin Genting, amma Musulmin ƙasar ba shi da izinin shiga. Singafo, da ta buɗe nata guda biyu a 2010, ta sa wa ɗan ƙasa kuɗin shiga dala 100 ta ƙasar a kowace rana, ta ƙara zuwa 150 a 2019, shi kuwa baƙo ya wuce kyauta. Na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa, kuma ban ga wata sana'a da masu ita ke yi wa irin wannan shaida ba. Ƙasar da ke noman shinkafa ba ta hana 'ya'yanta ci. Duk gwamnatin da ta tsayar da mai gadi a ƙofa don ya kore nata ya shigar da na wasu, ta riga ta faɗi da bakinta cewa ta san abin da ke cikin ɗakin cuta ne. Abin da ya rage kawai shi ne ta zaɓi wanda za a cutar.

Malaman fiƙihu sun tattauna wani abu mai kama da wannan tun da daɗewa, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake don kada wani ya zo ya ruɗe mu da rabinsa. Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan sun tafi a kan cewa Musulmin da ya shiga ƙasar da ake yaƙi da ita, wadda hukuncin Musulunci bai kai can ba, zai iya karɓar dukiyar mutanenta da yardarsu, ko da ta hanyar riba ko caca, muddin babu ha'inci. Daga cikin hujjojinsu akwai musun da Sayyidina Abubakar ya yi da Ubayyu ɗan Khalaf a Makka, suka sa raƙuma a kan ko Rumawa za su rama nasarar da Farisawa suka yi a kansu. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, bai yarda ba. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a nan, da Imamu Shafi'i su ma ba su yarda ba. A wurinsu haramun ba ya canza kama don an tsallaka iyaka. Amma ko waɗanda suka sassauta, ba su yi maganar baƙon da ya shigo ƙasarka da aminci ba. Shi wannan, dukiyarsa da jininsa suna cikin amanarka har ya koma gida, ko wane addini yake bi. Mai yawon buɗe ido da aka buga wa biza ya sauka a garinmu shi ne daidai wannan mutum. Ƙofar da ake nema a fiƙihu, a kansa ta fi rufuwa.

Za a ce ai babban mutum ne, da ƙafarsa ya zo, kuɗinsa ne, wataƙila ma addininsa bai hana shi ba. Na yarda ba ni da ikon bin baƙo ina duba aljihunsa. Amma abin da ya zaɓar wa kansa daban, abin da ni na shirya in ci daga gare shi daban. Duba yadda abin yake aiki. Faifan nan da ake juyawa a jefa ƙwallo, wanda suke kira rulet, yana da gurbi 37, daga 0 zuwa 36. In ka sa naira ɗaya a lamba guda ka ci, za a ba ka 35 a kan taka. Da a ce adalci ake nufi da 36 za a ba ka. Wannan ɗaya da aka rage shi ne gidan gaba ɗaya: a kowace naira 100 da aka zuba, in aka daɗe ana juyawa, kimanin naira 2 da kwabo 70 na zama wurin mai gida, ko wa ya ci ko wa ya faɗi a daren. Fitilun da kafet ɗin da albashin ɗan yayata, duk daga asarar baƙi za su fito, domin babu wata hanyar shigar kuɗi a teburin sai ita. Mai masauki ya sayar maka da gado ka yi barci. Baduku ya sayar maka da jaka ka rataya. Kowannenku ya tashi da wani abu a hannu, shi ya sa aka halatta ciniki. A teburin caca kuwa sai ka rasa sannan in samu, kuma in ka tashi da wuri kafin ka rasa, ranar ban yi ciniki ba.

Wannan ne ya fi ci mini rai a matsayina na Bazazzage. Garin nan baƙi suka raya shi. Almajirai sun yi ta zuwa Unguwar Juma da Ƙofar Kona neman ilimi daga ƙasashe masu nisa, ana ba su ɗaki a zaure ba a tambayi ko sisi ba. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara mana mutane daga ko'ina. Mun tashi muna jin manya na cewa baƙonka Annabinka. Yaya za a yi mai wannan karin magana a baki ya zauna da biro yana lissafin nawa za a tatsa daga baƙo kafin gari ya waye?

Sannan ita kanta katangar da ake cewa za a gina tsakanin baƙo da ɗan gari, mu mun riga mun gwada ta, ga ta nan kusa da mu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari don ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Dokarsu ta hana sayar wa 'yan Arewa barasar kwalba, amma ta bar lasisi ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba. A takarda abin ya tsaru tsaf: Birni daban, Sabon Gari daban. Duk wanda ya girma a nan ya san yadda katangar ta kasance da zarar an yi sallar isha. Ba laifin mutanen Sabon Gari nake gani ba, yawancinsu neman halalinsu ya kawo su, kuma dattawan cocin da na sani sun fi wasu limamanmu zafi a kan caca. Afirka ta Kudu ma ta yi irin wannan: gidan caca haramun ne a cikin ƙasa lokacin mulkin wariya, sai aka buɗe Sun City a 1979 a Bofutatswana, yankin da suka ce wai wata ƙasa ce, mutanen Johannesbag suna tuƙa mota su je su dawo.

Yau ma ba a bukatar mota. Bi titin Samaru ranar Asabar lokacin da ake buga ƙwallon Ingila ka leƙa shagunan caca, ka ga su wa ke riƙe da 'yar doguwar takardar nan. Babu Bature ko ɗaya. Ɗalibai ne da 'yan acaɓa da masu ɗinki, wani ya saka kuɗin makaranta, wani kuɗin balas ɗin mai babur. Hisbar Kano ta rufe irin waɗannan shaguna a 2024, amma abin yana cikin waya. Ɗan yayata na ganin tunda wutar ta riga ta kama, gara gwamnati ta ji ɗumi. Ni kuwa ina ganin ranar da albashin ma'aikata ya rataya a kan harajin caca, ranar ce gwamnati za ta daina fatan yaranmu su bari.

Yawon buɗe ido shi kansa ba ni da rigima da shi. Alƙur'ani ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda na da suka ƙare, su duba halitta. Tun da na yi ritaya, abokai a jami'a kan turo mini baƙin da suka zo taro in zagaya da su. Nakan kai su Masallacin Juma'a na Birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830. An lulluɓe shi da sabon gini daga waje, amma bakan gizon nan na ciki suna nan, kuma darajarsa ta sa aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Daga nan mu wuce Wusasa su ga cocin Saint Bartholomew na 1929, shi ma ginin ƙasa irin namu, mu ƙarasa gindin dutsen Kufena. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambaye ni gidan caca ba. Abin da suke tambaya shi ne ina ganuwar da suka karanta a littafi, sai in nuna musu tudun da ya saura, wani wuri an haƙe an yi bulo, wani wuri an ɗora gida. Suna tambayar ban-ɗaki mai tsafta, da wanda zai yi musu bayani ba tare da ƙari ba. UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya a Disamban 2024, kuma hawan Zazzau ba ya jin kunyar tsayawa kusa da shi. A nan ma sai mu kiyaye: mai sayar da hula da ke ninka farashi uku don ya ga baƙuwar fuska, ɗan ƙaramin gidan caca ne ya buɗe a rumfarsa.

Maganar yawon ganin daji da namun dawa kuwa, tana da sharaɗin da kuɗi ba ya saye. Muna da gandun Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, amma shekarun nan labarin 'yan bindiga ya fi na namun daji yawa a yankin. A Kure ta Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka aka kare su har suka haura 600, matasa suka sami aikin rakiya. A watan Agustan 2020 mahara suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wanda ya tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Baƙo yana zuwa ne inda ya amince da ransa da aljihunsa, kuma duka biyun haƙƙi ɗaya ne a wuyan mai masauki.

Don haka in wannan shawara ta taɓa isa majalisar Kaduna, ina roƙon wakilanmu na Basawa da Sabon Gari da Birni, Musulmi da Kirista, su yi wa mai kawo ta tambaya ɗaya kafin su duba zanen otal ɗin: zai bar ɗansa na cikinsa ya zauna a teburin? In ya ce a'a, su mayar masa da takardarsa, su nemi a sa kuɗi a gyaran ganuwa da tsaron hanyar Birnin Gwari.